Tafin Hannu Huɗu a Kan Kwalta



Sharhinmu na yau a kan mota yake. Ƙaramar motar shiga nake nufi, irin wadda malamin makaranta zai yi shekara biyar yana zubin adashi kafin ya mallaka, wadda ake kai yara makaranta a cikinta da safe, ranar Asabar kuma a cika ta da iyali a nufi ƙauye biki ko gaisuwa. Zan fara da abin da ya same ni, don kada a ce mai sharhi ya zauna a ɗaki mai sanyi yana yi wa mutane faɗa.

Wata bazara ina dawowa Kano daga Zariya da rana tsaka, ni da maiɗakina a gaba, yara biyu a baya. Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai na ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta fizge ta yi hannun dama. Abin da ya cece mu, bayan kiyayewar Allah, shi ne ban taka birki ba. Ba gwaninta ba ce, tsoro ne ya sandarar mini da ƙafa. Na dai ƙanƙame sitiyari har motar ta rage gudu don kanta, muka gangara gefen titi. Da na fito na duba, tayar gaba ce ta yi kaca-kaca, wayoyinta duk a waje. Abin da ya ɗaure mini kai, wata uku kacal da sayenta, zanenta kuma raɗau, ko alamar cinyewa babu.

Akwai wani dattijo mai faci a bakin hanya, ƙarƙashin bishiyar darbejiya. Ya mirgino tayar, ya tofa yawu a yatsa ya goge gefenta, ya nuna mini wasu lambobi huɗu a cikin ɗan kewaye mai kama da ƙwai. Ya dubi ɗana da ke tsaye yana raba ido, ya ce, "Alhaji, ai wannan tayar ta girmi yaron nan naka." Yaron kuwa a lokacin yana aji huɗu na firamare.

To, waɗannan lambobi huɗu nake so kowane mai mota ya je ya nemo yau, kafin rana ta faɗi. Suna jikin kowace taya, a ƙarshen wani layin rubutu da ya fara da haruffan DOT. Biyun farko makon da aka ƙera tayar ne, biyun ƙarshe kuma shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. In ba ka gan su a gefen waje ba, leƙa ta ciki, wani lokaci can suke. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin Janar Babangida, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, ta daɗe tana shelar cewa shekara huɗu daga ranar ƙira ita ce iyakar taya. Wasu kamfanonin da ke ƙera tayar sun fi sassauci: sun ce daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta kai goma a yar da ita ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Ko da wanne ka ɗauka, maganar ɗaya ce. Roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana jingine a shago. Tana bushewa, tana tsattsagewa, ƙarfin da ke riƙe ta da wayoyin ciki yana sakwarkwacewa, alhali zanen waje yana nan kamar sabo.

Nan ne tayar Beljiyam, wato tsohuwar taya da ake shigowa da ita daga waje, take cin mu. Na san dalilin da ya sa muke sayenta, ni ma dalilin ne ya sa na saya: kuɗin sabuwa ɗaya zai iya ba ka Beljiyam biyu har da canji. Amma tambayi kanka, me ya sa Bature ya cire ta daga motarsa zanenta bai ƙare ba? Wata ta tsufa ne. Wata ta daki dutse ta ji ciwo daga ciki. Wata kuma, wannan ita ce ba mu cika sani ba, tayar ƙanƙara ce. Dubi gefenta, in ka ga hoton dutse mai kololuwa uku da alamar ƙanƙara a tsakiyarsa, an yi ta ne don hunturun Jamus ko Kanada, da roba mai laushi wadda aka tsara ta yi aiki a sanyin da bai wuce digiri 7 ba. Sai mu ɗauko ta mu ɗora a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafin iska kaɗai ya haura digiri 40, kwalta kuwa ba ta takuwa ba takalmi. Araha dai an ce ba ta ado. A nan har rai take ci.

Me ya sa na daɗe a kan taya? Buɗe tafin hannunka ka kalla. Iya abin da kowace taya take taɓa ƙasa da shi ke nan, kusan faɗin tafin hannu ɗaya. Mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, da kai da matarka da 'ya'yanka da buhun masarar da aka ba ku a ƙauye, duk a kan tafin hannu huɗu kuke tafiya. Birkinka ta nan yake kama ƙasa. Sitiyarinka ta nan yake juya mota. In waɗannan huɗun suka saki, komai tsadar motar, akwati ce kawai mai gudu.

Sai batun iska. Yawancinmu gejin iskarmu ƙafa ce: a daki taya da takalmi, a ce tana da kyau. In an je wurin mai faci kuma sai a ce, "Cika ta sosai, tafiya zan yi." Shi kuma ya dubi lambar da ke jikin tayar, 44 ko 51, ya ɗura mata har can. Wannan lambar iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka take bukata ba. Abin da motarka take bukata yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Buɗe ƙofar ka sunkuya za ka gan ta. Ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35. In iska ta yi yawa, tafin hannun nan da na faɗa sai ya ƙara tsukewa, tsakiyar tayar ta cinye, mota ta riƙa tsalle a kan gargada, birki ya rage kamu. In kuma iska ta yi kaɗan, wannan ya ma fi haɗari, don gefen tayar zai riƙa lanƙwasa yana miƙewa sau ɗaruruwa a minti ɗaya, zafi ya taru a cikinta har ta fashe. Ga shan mai da take ƙara wa mota, a wannan zamani da kowa ya san yadda lita ta koma tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023. A auna iska da safe tayar tana da sanyi, ko sau ɗaya a mako biyu. Gejin hannu ɗan ƙarami ne, kuɗinsa bai kai na cika tanki kwata ba, ka ajiye naka a mota. Kada kuma ka sace wa taya iska a tsakiyar tafiya don ka ga ta ƙaru. Zafi ne ya ɗaga ta, in ta huce za ta koma daidai.

In kuwa ƙaddara ta sa taya ta fashe maka kana gudu, abin da tsoro ya sa na yi, kai ka yi shi da sani. Hannu biyu a sitiyari, ka riƙe motar a kan layinta, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ka bar birki sai gudun ya ragu sosai. Da yawa daga motocin da muke gani sun wuntsila bayan fashewar taya, taka birki da ƙarfi ne ya ƙarasa su.

Mu buɗe bonet. Mai mota da yawa a garin nan bai san inda ake jan marfin bonet ɗinsa ba, sai ranar da hayaƙi ya turnuƙe. Minti biyar ne aikin, da safe kafin a tayar da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai. Zaro sandar baƙin mai, ka goge ta da tsumma, ka mayar, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun. In ka ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga, gasket ya tafi, kada ka tayar da motar, kira bakanike. Juye kuma kada a jira sai inji ya fara kuka. A ƙurar ƙasarmu, musamman da hunturu, mai amfani da baƙin mai na gama-gari ya riƙa juyewa wajen kowace kilomita 5,000, a canza filta tare, a kuma duba filtar iska, don inji ma numfashi yake yi. Akwai wata al'ada da ta zauna mana, ta zuba mai kauri, 20W-50, a kowace mota. Wannan ya dace da Fijo 504 da kamfanin Kaduna ya fara haɗawa a 1975, wadda iyayenmu suka sani. Amma Corolla ko Accord ta zamanin nan, hanyoyin mai na cikin injinta sirara ne, da yawansu 5W-30 ko 0W-20 aka rubuta musu, galibi a kan marfin da ake zuba man ma an rubuta. Karanta marfin kafin ka saurari mai shago. Sannan a kula da inda ake sayen man, don jabu ya cika kasuwa, galan na gaske, abin ciki kuwa Allah kaɗai ya san mene ne.

Ruwan lagireto shi ma haka. Ruwan rijiya ko na leda zai kai ka gida in ka maƙale a hanya, amma in ya zama shi ne kullum, tsatsa da gishiri za su toshe lagireto a hankali. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, mai launin kore ko ja, yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. In allurar zafi ta hau, tsaya, kashe mota, ka nemi inuwa ka zauna. Kada ka taɓa marfin lagireto. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan shayi, kana murɗawa zai yi tsiri ya wanke maka fuska da hannu. Na san mutum mai tabo daga wuyan hannu har gwiwa saboda ya ƙi haƙurin rabin awa.

A nan zan ɗan taɓa kanikawanmu, da girmamawa, don su ne suke riƙe da motocin ƙasar nan da basira da kayan aiki ƙalilan. Amma akwai abin da ba na yarda da shi. Mota tana isowa daga Kwatano, abin farko da ake cewa shi ne a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa. Tamostat ɗan ƙaramin bawul ne da ke tsare inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, kusan digiri 90. In aka cire, inji ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara masa mai. Kai kuma kana ta mamakin yadda tanki yake zuƙewa. Motar da take yin zafi, akwai abin da ya lalace ne: lagireto ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa, ko marfi ya daina riƙewa. A nemo shi a gyara. Haka fitilun gaban direba. Mai ruwan ɗorawa mai hoton inji tana cewa ne a kai ni a duba. Ja mai hoton buta tana cewa ne tsaya yanzu, mai ba ya zagaya inji, minti kaɗan ya isa ya buga. Na taɓa shiga motar wani abokina na ga ya liƙa baƙin salatif a kan fitilar, ya ce tana damunsa da dare. Ban ce masa komai ba sai da muka sauka lafiya.

Birki ba ya mutuwa rana ɗaya sai an yi masa kunnen ƙashi. Yana ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, fad ya ƙare ke nan. Feda yana nutsewa har ƙasa ko yana laushi kamar ka taka burodi, iska ta shiga ko mai yana yoyo. In ka ga man birki yana raguwa a ɗan kofinsa, kada ka wadatu da ƙarawa, tambayi ina yake tafiya. Shi man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake so a canza shi wajen kowace shekara biyu. Wanda ya sha ruwa, in ya yi zafi a doguwar gangara sai ya tafasa, ka taka ka ji wayam. Wannan ya kawo ni ga wata sabuwar dabara da tsadar mai ta haifar: mutum ya zo gangara ya sa mota a furi, wani ma har ya kashe inji, wai yana tattali. Wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san me ake kira gangara. Ƙarfin da ke taimaka wa ƙafarka wajen taka birki daga inji yake zuwa. Ka kashe shi, taku biyu ko uku ne suka rage maka, daga nan feda ya zama dutse, sitiyari ya yi tauri, in ka murɗa makulli da yawa ma ya kulle gaba ɗaya. A gangara ƙaramar giya ake sawa, inji ya riƙe motar, birki ya huta. Abin dariyar ma, yawancin motocin zamani in suna gangara a cikin giya ba ka taka totur ba, kwamfuta tana yanke man ne baki ɗaya. Mai sa furi ya fi shan mai.

Gudu kuwa, dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Lissafi ɗaya zan bayar. Mai gudun 100 yana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Ka sunkuya ka duba wanda ya kira ka a waya na daƙiƙa uku, ka shafe kusan tsawon filin ƙwallo ido a rufe. In kuma ka ninka gudu, nisan da birki zai ɗauka kafin ya tsayar da kai ninki huɗu yake yi. Akuyar da ke tsallaka titi a Ɗanbatta ba ta san wannan lissafin ba, yaron da ke bin ta ma haka.

Bel kuma tun farkon 2003 aka fara tilasta shi a Najeriya, amma har yau da yawanmu don 'yan Rod Sefti, wato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, muke sa shi. Ana hango su sai a jawo a rataya a kafaɗa, ana wucewa a saki. Wasu ma sun ɗaure shi ta bayan kujera don motar ta daina ƙara. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda a rahotonta na 2023 ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyin duniya duk shekara, ta ce bel yana rage haɗarin mutuwar wanda ke kujerar gaba da kusan rabi. Na baya ma ya sa, don in mota ta yi karo, wanda bai ɗaure ba shi ne zai taso da dukan nauyinsa ya faɗa kan na gaba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne uwa a kujerar gaba da jariri a cinya, ko uba da ɗan shekara uku tsakaninsa da sitiyari, yana koya masa hon. So ne, na sani. Amma a lokacin karo babu hannun da zai iya riƙe yaro, kuma balan-balan ɗin kariya da ke fitowa daga gaban mota an auna ƙarfinsa ne da ƙirjin babba. Wurin yara baya ne, a ɗaure, a kuma danna ɗan makullin da ke gefen ƙofar baya wanda ke hana buɗewa daga ciki. Motar da aka ajiye a ƙofar gida kuma, ko mai lafiya ko wadda ta mutu aka jingine, a kulle ta. Sau nawa muka ji an yi ta cigiyar yara a unguwa, a ƙarshe a same su a cikin mota, sun shiga wasa ƙofa ta rufe, zafi ya gama da su?

Mun iya wanke mota, wannan kam ba a fi mu ba. Kullum da safe ana goge ta har tana ɗaukar ido, a fesa turare, a manna addu'a a gilashin baya. Addu'a tana da kyau, ni ma ba na tayar da mota ban yi ba. Amma in hatsari ya faru muka ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, ya kamata wani lokaci mu tambayi shekarar tayar.

Ban ƙarasa muku labarin Kwanar Ɗangora ba. Da dattijon nan ya gama nuna mini lambobi, sai ya ce in buɗe but a ɗauko safaya. Muka sauke kayan tsaraba, muka ɗaga kafet. Safaya tana nan, amma lakwas, ba iska ko kaɗan, don tun da na sayi motar ban taɓa leƙa ta ba. Jak yana nan, hannunsa babu. Abin kwance noti kuma ba na motar ba ne. Alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota, ita ma babu, sai ganye muka karyo muka jera a kan titi kamar yadda direbobin tirela suke yi. Dattijon bai yi mini dariya ba. Ya tura yaronsa ya ɗauko nasa jak ɗin, ya ba safayar iska, ya tsoma ta a ruwa ya ga ba ta yoyo, ya ɗaura. Da zan biya shi ya ce, "Alhaji, kada ka wuce sittin da wannan har ka isa Kano. In ka isa kuma, sauran ukun ma ka duba lambarsu." Na duba. Biyu daga ciki sa'annin wadda ta fashe ne.

Wanda ya gamu da hatsari a hanya, ko ya tarar da wasu a ciki, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kyauta ne. A sa ta a waya tun yanzu.

 A sauka lafiya.